Acostarse: Da Wane Harshe Muke Kwantar da 'Ya'yanmu?



Akwai wata kalmar Sifaniyanci da ba ta rabuwa da littafin aikin gida na 'ya'yanmu, ita ce acostarse. Ma'anarta mutum ya je ya kwanta, musamman kwanciyar dare ta neman barci. Malaman nahawu suna ji da ita domin ta tara wuya uku a jiki guda: goshinta yana sauyawa, cikinta yana sauyawa, wutsiyarta ma ba ta zama wuri ɗaya. Yaron da ya iya sarrafa ta ya riga ya riƙe mabuɗin kalmomi masu yawa irinta. Mu iyaye kuwa, akasarinmu a bakin rumfa muka koyi harshen nan. Mun iya taya kaya da sallamawa, mun iya lissafin sefa, mun iya gaisawa da maƙwabci da kare kanmu gaban ma'aikacin kwastan. Amma Sifaniyancin kasuwa bai cika bi ta ɗakin kwana ba, don haka wannan kalma takan zo mana a baƙuwa. Yau muna so mu zauna da ita, mu warware ta zare-zare, sa'an nan mu faɗi abin da ta tuna mana game da namu harshen.

Yadda aka yi Bahaushe ya wayi gari yana fama da nahawun Sifaniyanci ba ɓoyayyen al'amari ba ne. Fatauci ne ya kawo magabatanmu wannan gaɓar teku, wasu ta jirgin ruwa, wasu ta ƙasa daga kudancin Kamaru, tun Malabo tana amsa sunan Santa Isabel, tsibirin kuma ana ce da shi Fernando Po. Ƙasar ta karɓi 'yancin kanta daga Sifaniya ranar 12 ga Oktoba, 1968. Turawan suka kama hanya, suka bar harshensu a ofis da kotu da asibiti da aji. Daga baya an ƙara Faransanci da harshen Fotugal cikin harsunan hukuma, amma har gobe Sifaniyanci ne ke riƙe da alli. Ikwatoriyal Gini ita kaɗai ce take haka a kudu da Sahara, shi ya sa abin da Bakano ko Badamagare zai rayu ya mutu bai taɓa buƙata ba, mu ya zame mana dole. Dolen kuwa ba abin kunya ba ce. Wanda yake shan ruwan gari ya kamata ya iya yi wa masu rijiya godiya da harshensu.

Mu fara da gangar jikin kalmar. Acostarse gida biyu ce: acostar da se. Acostar ita kaɗai tana nufin kwantar da wani. La madre acuesta al niño, wato uwa tana kwantar da yaro. Ita kuwa se ɗin da aka liƙa a ƙeya, aikinta ta mayar da aikin kan mai yinsa, ya zama shi ne mai kwantarwa, shi ne kuma abin kwantarwa. Irin wannan shi za mu kira aikatau mai komawa kan mai shi. Harshen cike yake da su, musamman a sha'anin jiki da hidimar yau da kullum: levantarse tashi, lavarse wanke jiki, sentarse zama, har da llamarse, wadda kowannenmu ya fara da ita ranar da ya koyi cewa me llamo wane, alhali ma'anarta ta asali ita ce ina kiran kaina wane.

Mu ma muna da hanyar mayar da aiki kan mai shi, da kalmar kai: ya yanke kansa, ta ga kanta a madubi. Sai dai ba ma buƙatarta a nan. Bahaushe ba ya cewa zan kwantar da kaina idan zai shiga gidan sauro. In ma ya ce wane ya kwantar da kai, to zancen ladabi da biyayya yake yi, shimfiɗa ba ta shigo ba. Cewa muke na kwanta, shi ke nan. A lura da yadda harsunan biyu suka bi hanya ɗaya, kowanne daga nasa bakin. Hausa ta fara da kwanta, sa'an nan ta yi mata ƙari ta zama kwantar da. Sifaniyanci ya fara da kwantar da wani, sa'an nan ya ƙara se don mutum ya kwantar da kansa. A wannan gaɓa tsarinsu ya dace da tsarin rayuwa, domin babu ɗan Adam ɗin da ya fara da kwantar da kansa. Kowa hannun wata ne ya fara shimfiɗe shi. Mu riƙe wannan, za mu dawo gare shi.

Ga yadda kalmar take a lokaci mai ci, wanda kuma da shi suke faɗin abin da aka saba yi:

me acuesto: ina kwanciya, ko nakan kwanta
te acuestas: kana kwanciya, ko kina kwanciya
se acuesta: yana kwanciya, ko tana kwanciya
nos acostamos: muna kwanciya
os acostáis: kuna kwanciya
se acuestan: suna kwanciya

Sauyi na farko a goshi yake. Se ɗin nan ta bar ƙeya ta dawo gaba, tana sauya riga gwargwadon wanda ake magana a kansa: me, te, se, nos, os, se. Da ganinsu mutum zai tuna namu na, ka, ya, mun, kun, sun, amma aikinsu ya sha bamban. Namu suna faɗin wanda ya yi aikin da lokacin da ya yi shi. Nasu suna faɗin wanda aikin ya sauka a kansa. Shi ya sa yar da su yake ɓata magana. Wanda ya ce acuesto kawai ya yi shiru, tamkar ya ce ina kwantar da, ya tsuke bakinsa. Mai sauraro zai tsaya yana jiran ya ji wa ake kwantarwa.

Sauyi na biyu a wutsiya yake: -o, -as, -a, -amos, -áis, -an. A nan aka ɓoye mai aikin. Hausa takan bar aikatau a zaune, ta ɗora wa lamirin da ke gabansa kayan lokaci da na mai aiki. Sifaniyanci kuwa wutsiyar aikatau yake ɗora wa wannan kaya. Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malam a zaure ya karanci sarfu, ya ga yadda kataba ke zama katabtu da katabna, wannan ba zai zame masa sabon abu ba. Kakanninmu sun haddace tasrifin Larabci a hasken fitilar ƙwai. Jikokinsu ba za su gagara da wutsiya shida ba.

Sauyi na uku shi ne na cikin kalma, kuma shi ya fi kayar da mutane. A huɗu daga cikin shidan nan wasalin o ya rikiɗe ya zama ue. A biyu, wato sigar mu da ta ku, ya tsaya yadda yake. Yara da yawa haddar aku suke yi wa wannan, alhali dalilinsa a kunne yake. Kowace kalmar Sifaniyanci tana da gaɓa guda da murya ke dannawa. A acuesto nauyin yana kan gaɓar tsakiya: a-CUES-to. A acostamos nauyin ya matsa gaba: a-cos-TA-mos. Duk inda nauyi ya hau kan o ɗin nan sai ya tsage gida biyu, duk inda ya sauka daga kansa sai ya koma yadda yake. Tsohon gado ne daga Latin, uwar harshen: gajeren o mai ɗauke da nauyi ya zama ue a bakin mutanen Kastila, shi ya sa porta ta Latin ta koma puerta, wato ƙofa. Ɗan kasuwa kuwa ba shi da hujjar jin tsoron wannan ƙa'ida, domin a bakinsa take kwana take tashi. Sau nawa a yini ake tambayarmu ¿cuánto cuesta? Kalmar costar ce ta yi irin wannan rikiɗa. Haka puedo da podemos, haka cuento da contamos, haka duermo da dormimos. Ga kuma wani taimako na kunne: acuesto a bakinmu akwesto take fita, da kw irin ta kwanta. Dace ne kawai, babu dangantakar jini tsakaninsu, amma yana sauƙaƙa wa mai hadda.

Idan abin ya riga ya wuce, sai ue ta ɓace gaba ɗaya, domin nauyi ya bar kan o: me acosté, na kwanta; te acostaste, ka kwanta ko kin kwanta; se acostó, ya kwanta ko ta kwanta; nos acostamos, mun kwanta; os acostasteis, kun kwanta; se acostaron, sun kwanta. Ɗan karan da ke kan é da ó yana nuna inda za a danna murya, kuma kunnen da ya iya raba kuka ta miya da kuka na hawaye ba zai kasa jin wannan ba. Abin da aka saba yi a da yana da tasa siga: nos acostábamos temprano, a da mukan kwanta da wuri. Na gaba kuwa me acostaré, zan kwanta, ko da yake a hirar yau da kullum an fi jin me voy a acostar ko voy a acostarme. Duka biyun daidai ne, kamar dai mu ce za ni in kwanta.

Umarni shi ne ya fi shigowa gidajenmu. Acuéstate, kwanta, ga yaro ko aboki. A nan wakilin sunan ya sake komawa ƙeya ya manne. Acuéstese ga wanda ake girmamawa, ita likita zai faɗa wa dattijo idan zai duba shi. Acostaos, ku kwanta, ga yara da yawa. Harafin d na acostad ya faɗi a hanya. Wanda ya saba da kallon fina-finan Latin Amurka zai fi jin acuéstense, domin a can ba sa aiki da vosotros. Hani kuwa ya sake mayar da wakilin sunan gaba: no te acuestes tarde, kada ka kai dare ba ka kwanta ba. Wannan siga ta acuestes ita ce ta buri da roƙo: quiero que te acuestes, ina so ka kwanta. Ana cewa ita ce mafi wuya ga baƙo, amma Bahaushe yana da irinta a aljihu. Ya kwanta ta ba da labari da ya kwanta ta a ce masa ya kwanta, rubutunsu ɗaya, sai dai a baki ɗaya doguwa ce, ɗaya gajeriya, kuma ko yaron goye ba ya rikita su.

Kowane harshe da inda ya fi zuba ido. Hausa ba ta yarda a haɗa namiji da mace a magana ba: ka kwanta, kin kwanta, ya kwanta, ta kwanta. Sifaniyanci te acuestas yake cewa ga kowa, sai an zo ga siffa sa'an nan ya raba: está acostado, yana kwance, está acostada, tana kwance, inda mu kuma kwance ɗinmu ba ta motsi. A wajen girmamawa kuwa hankalinsu ya zo kusa da namu. Su suna ce wa babba usted, su yi masa magana da sigar wanda ba ya nan: ¿a qué hora se acuesta usted? Mu kuma mu ce ku, ko mu kauce gaba ɗaya mu ce an tashi lafiya? Dukkanmu gudun nuna babba da yatsa muke yi.

Kada wani ya ɗauka duk wannan wasan 'yan makaranta ne. A takardar magani ana rubuta al acostarse ko antes de acostarse, wato lokacin kwanciya ko kafin a kwanta. Tsohuwar da aka ba ƙwayoyi jikanta ne zai karanta mata, kuma a kan fahimtarsa lafiyarta ta rataya. Likita yakan tambayi ƙarfe nawa mutum yake kwanciya, ƙarfe nawa barci yake ɗaukarsa, awa nawa yake yi yana barci. Kalmomi uku ke nan: acostarse, dormirse, dormir. Mai fama da rashin barci da ya cakuɗa su zai ba likita labarin da ba nasa ba, ya karɓo maganin da ba nasa ba. Sa'an nan akwai wurin da ake taka tsantsan. Idan aka bi acostarse da con, aka ambaci mutum, to magana ta koma ta tsakanin miji da mata, kamar yadda mu ma muke sakaya ta da cewa ya kwana da ita. Baƙon da yake nufin a gidan abokinsa ya kwana, ya ce dormí en casa de mi amigo, ya tsira da mutuncinsa.

Asalin kalmar ma yana da abin faɗi. Daga costa ta fito, wadda a Latin take nufin haƙarƙari ko gefen jiki. Daga gare ta aka sami costilla, ƙashin haƙarƙari, da costado, gefe, har ma da costa ta gaɓar teku, wato gefen ƙasa, irin wanda muke zaune a kansa. Ashe acostarse ita ce mutum ya sa haƙarƙarinsa a ƙasa, kuma haka muke faɗi game da baƙon da bai sami masauki ba: ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa. Addu'ar kwanciya da aka koya mana tun muna ƙanana ita ma gefen jiki take ambata. Ɗakin kwanan Sifaniyawa bai kai baƙuncin da ake zato ba. Musulmi sun yi mulki a sassan ƙasar, wadda littattafanmu ke kira Andalus, daga 711 zuwa 1492, kuma sun bar sawunsu a harshen. Almohada, matashin kai, daga Larabci take. Alcoba, ɗakin kwana, daga ƙubba take. Hasta ta cikin hasta mañana 'yar'uwar hatta ɗinmu ce. Ojalá, wadda suke faɗi idan suna fatan wani abu, ta samo asali ne daga jingina al'amari ga yardar Allah.

Amma akwai kalma guda tamu da Sifaniyanci sai ya yi zagaye kafin ya kamo ta, ita ce kwana. Kwana daban take da kwanciya, daban take da barci. Mai gadi yakan kwana a tsaye, mai jinya yakan kwana a zaune, tuwo ma yana kwana ya wayi gari ɗumame. Su sai su ce pasar la noche, wato wuce dare. Suna da pernoctar, amma ta takarda ce, ba a cika jin ta a tsakar gida ba. Mu kuwa a kan wannan kalma da danginta muka gina lissafin rayuwa. Da kwana muke ƙirga lokaci: kwana uku, kwana bakwai, kwana arba'in. Gaisuwar farko ta yini tambayar kwana ce. Wanda aka daɗe ba a gani ba a ce masa kwana biyu. Wanda ya kuɓuta daga haɗari yana da sauran kwana, wanda ya rasu kwanansa ne ya ƙare. Kayan da suka ƙi sayuwa a rumfa sun yi kwantai. Abin da kowane magidanci yake fita nema tun asuba, in an bi diddigi, kwanciyar hankali ce. Idan ajali ya sauka mu ce wane ya kwanta dama, mu roƙi Allah Ya kyautata makwancinsa. A nan ne aka koma ga acostar marar se: kamar yadda wasu suka kwantar da mu a farko, wasu ne za su kwantar da mu a ƙarshe. Tsakanin waɗannan biyun kaɗai muke da ikon kwantar da kanmu. Yaron da ya iya me acuesto amma bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, ya ci jarrabawa, sai dai an bar shi a ƙofar taskar gidansu babu mabuɗi.

Nan muka iso ga abin da ya sa muka ɗauko zancen. Mu dubi yinin yaronmu. Da safe yana aji, da Sifaniyanci. A titi, in a Malabo ne Pichi yake ji, in a Bata ne harshen Fang, duka a gauraye da Sifaniyanci. Da yamma yana gaban allo, da Larabci. Talabijin da waya kuwa kowane harshe suna yi, namu ne kawai ya yi musu ƙaranci. Rabon Hausa ɗan tsakanin nan ne na bayan isha'i, daga cin tuwo zuwa rufe ido. Magabata sun san abin da suke yi da suka ce ba a tatsuniya da rana. Dare ne makarantar harshen uwa. A can ƙasar Hausa, in yaro bai ji tatsuniya a gida ba zai ji Hausa a kasuwa da tasha da rediyo da bakin rijiya, gari duka malaminsa ne. Mu a nan ba mu da wannan gata. Idan acuéstate, que ya es tarde ta kori tashi ka je ka kwanta, dare ya yi. Idan buenas noches ta kori sai da safe, Allah Ya tashe mu lafiya. To Hausa ta rasa ɗakinta na ƙarshe a gidan. Kuma ba a rana ɗaya take fita ba. Da farko yaro zai riƙa jin Hausa yana amsawa da Sifaniyanci. Daga nan jin ma ya ragu. Ranar da kaka ta kira daga Garwa ko Maraɗi ko Kano aka miƙa masa waya, daga ina kwana da lafiya lau sai shiru, tsohuwa tana can tana kiran sunansa.

Akwai masu cewa a riƙa yi wa yaro Sifaniyanci zalla a gida don ya yi fice a aji. Niyyarsu kyakkyawa ce, tsoronsu kuma na gaskiya ne, domin jarrabawa da takardar neman aiki ba da Hausa ake rubuta su ba. Sai dai Sifaniyancin da za mu ba shi a gida bai kai wanda zai samu a aji ba, Hausar da za mu ba shi kuwa babu mai ba shi ita in ba mu ba. Hana yaro abin da muka fi kowa iyawa, don mu ba shi abin da wani ya fi mu iyawa, cinikin faɗuwa ne, mu kuwa 'yan kasuwa ne. Akwai kuma masu kau da kai daga littafin baki ɗaya, suna ganin harshen baƙi ne, babu ruwansu. Su ma ya kamata su sake lissafi. Yaron da ya ga mahaifinsa ba ya ko duban littafinsa zai ɗauka gida da makaranta ba sa ga maciji, kuma ranar da zai zaɓi ɗaya makaranta zai zaɓa, domin a can yake hango gobensa.

Abin da muke gani shi ne a haɗa biyun a kan tabarma guda. Idan yaro ya zo da acostarse, mu zauna da shi. Ya karanta me acuesto, mu tambaye shi: da Hausa fa? Ya ce te acuestas, mu ce masa: da wa kake, da ƙanenka ko da ƙanwarka? Ya gano da kansa cewa harshen gidansu yana raba abin da na makaranta bai raba ba, cewa shi ma yana da nahawu da lokuta da ƙa'idoji, ya wuce a ce masa surutun tsofaffi. Mu kuma mu karɓi gyaran ue daga bakinsa ba tare da girman kai ba, tun da gemu ba ya hana ilimi. Idan an gama, a rufe littafi. Abin da ya rage na dare na Hausa ne: ga ta nan ga ta nanku, Gizo da Ƙoƙi, kacici-kacici, labarin garin da kakansa ya baro da hanyar da ya biyo, addu'a, sai da safe.

Lokacin kuma kaɗan ne. Shekarun acostar, waɗanda mu muke kwantar da su, ba su da yawa. A kwana a tashi jariri ango ne. Wata rana yaron nan zai miƙe ya ce me voy a acostar, ya shige ɗaki da wayarsa ya ja ƙofa. Daga ranar ya shiga shekarun acostarse, kuma abin da aka zuba masa a kunne kafin nan shi ne guzurinsa.

Cikin sigogin nan duka, tamu ta mu ita ta fi ɗaukar hankalinmu. Nos acostamos ba ta tsage ba, ta riƙe wasalinta na asali. Kuma a cikinta jiya da yau suka zama ɗaya: muna kwanciya, mun kwanta, duk lafazi guda, sai an ƙara anoche ko siempre kafin a san daren jiya ake nufi ko kullum. Tana da wata maƙwabciya da masu koyo kan rikita su, wato acordarse, tunawa. Sarrafawarsu iri ɗaya ce: me acuesto, me acuerdo; nos acostamos, nos acordamos. Masana asalin kalmomi suna mayar da ita ga cor, wato zuciya a Latin. Ɗaya ta haƙarƙari ce, ɗaya ta zuciya, kuma abin da aka faɗa wa yaro sa'ad da haƙarƙarinsa yake kan shimfiɗa shi zuciyarsa ta fi riƙewa.

Fatanmu jikokinmu su iya me acuesto babu tuntuɓe, su rubuta ta da karanta da wutsiyarta a gaban kowane malami, sa'an nan in gari ya waye su durƙusa su ce mana ina kwana, su kuma san abin da suke tambaya.

Mu kwana nan. Allah Ya tashe mu lafiya.